Sunan Da Ya Kasa Kira a Hatta

Jama'a, ku yi haƙuri da shirun da na yi muku. Tun da muka dawo daga Hatta nake ɗaukar wayar nan, in rubuta layi biyu in goge. Masu turo min saƙo, "Kamila, ya ake ciki, Hajiya ta amince?", "Kamila, mu fara ɗinkin anko?", don Allah ku bari in numfasa. Har yanzu in babbar mota ta wuce ta bayan gidanmu sai in zabura, ina zaton ruwan ne ya biyo ni.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, ni 'yar Gwammaja ce a Kano. Ina zaune da yayana Badaru da matarsa a wani ɗan fulat a unguwar Hor Al Anz a Dubai, ina tsare masa shagon abaya a kasuwar Naif. A nan Naif ɗin na haɗu da Mu'awiya, ɗan kago, mai ɗaure wa 'yan kasuwarmu kaya yana tura musu gida. Dogo ne, baƙi, magana ba ta dame shi ba, in ya yi dariya sai ya sunkuyar da kai kamar ya yi laifi. Wannan sunkuyar da kan ita ta gama da ni, ba zan ɓoye muku ba.

Watan jiya Hajiyarmu ta sauka daga Kano aka yi mata aikin ido. Wallahi da na san abin da gyaran idon nan zai jawo min, da na ce a bar mata yanarta. Tun da aka cire bandeji take ganin abin da ba a aike ta ba. Ta ga ƙurar saman firij, ta ga abayata ta kama ni a ƙugu, ta kuma ga shekaruna ashirin da shida suna tafiya ba miji.

Ranar Alhamis da yamma na dawo daga shago, ko takalmi ban gama cirewa ba, ta kira ni daga kan dardumarta.

"Auta, zo nan."

In ta ce Auta da wannan muryar, to akwai magana a ƙasa.

"Laraba zan koma. Na ce wa yayanku ya duba miki tikiti."

Yayanku. Haka take ce wa Yaya Badaru. Shi ne ɗanta na fari, tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ko a waya ta kira shi, "Kai ne?" take cewa.

"Tikitin ina, Hajiya?"

"Na Makka," ta ce tana hararata. "Na gida mana. Ɗan Hajiya Maimunat likitan nan har gobe yana tambayarki. Ni ban ce dole ba. Amma ba zan bar ki a nan kina ninke abaya har ki yi furfura ba, a kan wani mai ɗaure kwali da ban san asalinsa ba."

"Hajiya, Mu'awiya mutumin kirki ne."

"Duk mazan Dubai na kirki ne, sai ranar da kika je Kano kika tarar da mata da 'ya'ya huɗu a Kurna. Namiji shekara talatin da uku, ki ce min haka yake zaune?"

Nan fa bakina ya riga hankalina. Na dafa ƙirji na ce, "Wallahi tallahi bai taɓa aure ba. Ba mata, ba ɗa, ba jika."

Ta ajiye carbi ta kafe ni da sabon idon nan.

"Kin rantse fa."

"Na rantse."

"To, a kawo min shi in gan shi da rana tsaka, ba gaisuwar bakin ƙofa ba. In na ga mutum, na bar ki. In ban gani ba, ki haɗa akwatinki."

Kar ku ce na rantse a kan iska. Farkon haɗuwarmu na tambaye shi a Wasap, saƙon yana nan ban goge ba.

Ni: Malam, tsakani da Allah, ka taɓa aure?

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, sannan amsa ta shigo.

Shi: Ki tambayi Yaya Hadijatu, ita ce mai tarihina.

Na tura masa fuskar dariya, na ɗauka tsokana ce irin ta mai gudun a ce masa tuzuru. Ita kuwa Anti Hadijatu, yayarsa da ke aure a Sharja, da wane bakin zan yi mata wannan tambayar? Sai na ba kaina amsar da nake so, na wuce wurin.

Yaya Badaru ne ya kawo shawarar a je a kwana a Hatta, garin duwatsun nan na bakin iyakar Oman. Ya ce a falo kowa waliyyi ne, amma a kai mutum daji a haɗa shi da gawayi da yara masu kuka, a nan ake ganin hali. Matarsa tana da tsohon ciki, ta ce ba da ita ba, a dai tafi mata da Muhsinat ta samu ta miƙe ƙafa. Muhsinat ita ce 'yarsu, shekararta uku, rigima kamar ta mutum goma.

Asabar da safe sai da na canza abaya uku kafin na tsaya a kan wata mai launin toka da aikin zare a bakin hannu, mayafi ruwan zuma, farin kambas. Hajiya kuwa atamfa ta sa, ta ɗora zani biyu, ta kawo suwaita ta ɗora, ga safa a cikin silifas, kamar za ta Jos. An cika bayan motar Yaya da tanti biyu, tabarmi, fulas ɗin shayi, dambun shinkafa, da kula cike da naman rago da na kwana da shi cikin yajin ƙuli.

A ƙasan benenmu su Mu'awiya suka same mu. Mu'awiya ya fito daga a-kori-kurar kamfaninsu cikin jallabiya ruwan ƙasa, ya zube har ƙasa a kan kwalta ya gaida Hajiya. "Lafiya," kawai ta ce, tana kallonsa daga hula har takalmi. Anti Hadijatu ta fito da yara biyu, mijinta ya tafi Chana sarin kaya. Fahad ɗan shekara shida ne, bai iya tafiya ba sai gudu. Sai Ummi, siririya mai manyan idanu, an yi mata kalaba da 'yan duwatsu farare. Ba ta da hayaniya ko kaɗan, kuma tun ranar da ta fara ganina ta liƙe min.

Da muka isa Hatta, wurin da aka ware wa masu tanti ya cika maƙil, ko tabarma ba inda za ka shimfiɗa. Yaya ya ce shi ba zai kwana kafaɗa da kafaɗa da mutane ba, ai abin da ya gudo daga Hor Al Anz ke nan. Ya ja mu ta wata hanyar burji har cikin wani kwari tsakanin manyan duwatsu. A tsakiyar kwarin akwai busasshen rafi, shimfiɗaɗɗe, yashi mai laushi.

"Kai jama'a!" in ji Yaya. "Ga yashi kamar na Challawa da rani. Khalas, magana ta ƙare, a nan za a kafa."

Aka kafa tantin biyu a cikin rafin. Motoci da murhun gashi da kujerar Hajiya aka bar su a sama, bakin gaɓa, don gwiwarta ba za ta iya gangaren ba.

In faɗi gaskiya, Mu'awiya ya fitar da ni kunya. Shi ya kafa tanti, shi ya hura gawayi, shi ya tare wa Hajiya rana da tabarma ba tare da an ce ya yi ba. Muhsinat ta ɓare baki, ya ɗora ta a wuya ya zagaya da ita har ta koma dariya. Ya yi tsere da Fahad, yana ta "Yalla habibi, yalla Fahad!" Ina satar kallon Hajiya ina cewa a raina, to, Hajiya mai sabon ido, sai ki duba da kyau.

Abu ɗaya ne ya tsaya min a wuya. Ummi.

Da ya sauke Muhsinat, Ummi ta matso ta ɗaga hannuwa biyu, ita ma a ɗauke ta. Ya wuce ta kamar bai gani ba. Da ya zo rabon lemo, ya ba kowa a hannu, nata kuwa ya ce, "Fahad, miƙa wa waccan." Can kuma ta tsinto wani ɗan dutse mai santsi da farin zare a tsakiyarsa, ta goge shi da rigarta, ta kawo masa.

"Kawu, ga shi na tsinto maka."

Ko ɗago kai bai yi daga kan nama ba. "Ajiye a nan," ya ce.

Yarinyar ta ajiye a kan kula, ta juya a hankali. Raina ya ɓaci sosai. Na sha ganin haka a gidan Anti Hadijatu, amma ina cewa halin maza ne, wasu sun fi sakewa da 'ya'ya maza. Ranar dai kasa haƙuri na yi. Yana tsaye a gabana amma waya na ɗauka.

Ni: Me yarinyar nan ta yi maka? Hajiya tana kallo fa.

Shi: Ba komai.

Ni: Ko sunanta ba ka kira. Wai waccan. Haba don Allah.

Shi: Za mu yi magana inshallah.

Muna yanka albasa a kan tabarma, Hajiya ta dubi Anti Hadijatu.

"Wannan 'yar taki, sunan wa ta ci?"

"Sunan mahaifiyarmu, Hajiya. Ummu Kulsum."

"Allah ya raya. Tsakaninta da yayan nata fa?"

Anti Hadijatu ta waiwaya ta ga yaran suna kusa. Ta dube ni ta yi wani ɗan murmushi kamar mun haɗa baki, ta ce, "Ai Hajiya tare suka sha nono."

"Uhm," in ji Hajiya. Ni kuwa sakarya, murmushin na mayar mata, ban san na mene ne ba.

Bayan la'asar wayoyinmu suka ɗauki ƙara gaba ɗaya, irin ƙarar nan ta gargaɗin hukuma. Saƙon ya ce ana ruwa a kan duwatsu, a nisanci kwaruruka. Mu'awiya ya ce, "Yaya, ko dai mu kwashe tantin nan?"

Yaya Badaru ya riƙe tsinken nama, ya juya ya dubi gabas. Sama fes, shuɗiya, ko ɗigon gajimare babu.

"Ruwa ba hadari? Mu da muka tashi a Kano za a koya wa ruwa? Sai gabas ta haɗe, iska ta taso, kaji su shige akurki. Wannan na mutanen Oman ne. A ci nama tukuna."

Duk muka yarda da shi, har Hajiya ta gyaɗa kai. Ba wanda ya lura cewa gabas ɗin da yake dubawa, dutse ya tare fiye da rabinta.

Ban gama tauna tsokar farko ba na ji ƙarar. Da fari na ɗauka tirela ce take hawo burji. Sai ƙasa ta fara rawa a ƙarƙashin tabarma. Na ɗaga kai, can saman kwarin, inda rafin ya karya kwana, na ga wani abu ja-ja-jir kamar kunun kanwa yana gangarowa, ɗauke da itatuwa da duwatsu. Rana tana nan a sama tana haskawa, ko ɗigo ɗaya bai taɓa mu ba.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" in ji Hajiya. "Yara! Ina yara?"

Muhsinat tana cinyata. Fahad yana gefen murhu, bakinsa duk yaji.

"Ina Ummi?" Anti Hadijatu ta finciko shi. "Fahad, ina Ummi?"

"Ta tafi tanti," ya ce yana kuka. "Ta ce ta yi fushi da Kawu."

Muka hau kwaɗa kira. Anti Hadijatu tana "Ummi! Ummi!" har muryarta ta dishe. Yaya yana kira, ni ina kira, Hajiya da ta san yarinyar da safen nan tana kira, har Muhsinat tana "Ummi" don ta ji ana yi. Ƙarar ruwan ta danne mu duka.

Kafin Yaya ya cire takalmi, Mu'awiya ya jefar da wayarsa a kan tabarma ya dira daga gaɓar. Ba ta gangaren ya bi ba, tsalle ya yi. Ya faɗi, ya tashi, ya kwasa da gudu yana ihun da ban taɓa zaton yana da muryar yin sa ba.

"Ke! Ke yarinya! Fito! Ke!"

Ya yaga ƙofar tanti na farko, ba kowa. Bakin ruwan ya iso, ya doke shi a idon sawu. Ya faɗa na biyu. Ina kallo ruwan ya kai gwiwa, tantin ya tashi ya karkace, ya fara juyawa da su a ciki. Anti Hadijatu ta zube a ƙasa. Ni kuwa salati kawai nake yi.

Sai ga kansa ya ɓullo ta gefe, ba hula. Ya ɗaga yarinyar sama da hannu biyu, ruwa a ƙugunsa. Wani reshe ya zo ya buge shi, ya durƙusa, ruwan ya rufe shi har wuya, amma hannuwan nan ba su sauko ba. Yaya ya kwanta ruf da ciki a bakin gaɓa ya miƙa masa igiyar ɗaure kaya. Da ja da rarrafe suka fito. Tantin biyu, barguna, jakar kayana, duk muna kallo suka wuce.

Yana hawowa ya nufo ni. Ya ɗora min Ummi a hannu, jiƙe sharkaf, tana tari tana kakkarwa. Bai dubi fuskarta ba. Bai ce mata sannu ba. Ya juya yana ɗingishi, jini yana bin ƙafarsa, ya zagaya bayan a-kori-kura.

Hajiya ta kwance zaninta na sama ta ba Anti Hadijatu, aka shiga da yarinyar mota a canza mata kaya. Sannan ta kamo hannuna ta ja ni gefe. Hannunta sanyi ƙalau.

"Auta, kin ji abin da na ji?"

"Ruwan, Hajiya?"

"Ba ruwa ba. Duk wanda ke wurin nan Ummi ya kira. Mutum ɗaya ne bai kira ba, shi ne kuma ya shiga."

"Me kike nufi, Hajiya?"

"Kawu ba ya jin nauyin sunan 'yar yayarsa," ta ce a hankali. "Ni da na tsufa a cikin kunyar nan, na san kamanninta ko a duhu. Yarinyar nan 'yarsa ce. Ta fari."

Na ce a'a. Na sake cewa a'a. Amma ina faɗa komai yana dawo min: waccan, ajiye a nan, tare suka sha nono, ki tambayi Yaya Hadijatu. Ni da na tashi a gidan da ake cewa yayanku, ni ce aka yi wannan a gabana wata da watanni ban gani ba.

"Dutsen da ta kawo masa ɗazu," in ji Hajiya, "kina juya baya ya ɗauke ya sa a aljihun gaba. Ina kallonsa."

Ban san lokacin da na isa bayan motar ba. Yana durƙushe, goshinsa a jikin taya, kafaɗunsa suna rawa. Namiji guda yana kuka ba sauti. Da wata rana ce da tausayi ya kashe ni, amma ranar wuta ce a ƙirjina.

"Mu'awiya. 'Yarka ce?"

Bai ɗago ba. Ya gyaɗa kai.

"Ina uwarta?"

"Ta rasu. Ko suna ba a yi ba ta rasu." Ya share fuska da hannun jallabiya, ya ƙara shafa wa kansa laka. "Yaya tana goyon Fahad lokacin, sai ta haɗa su. Ita ta sani a matsayin uwa. Ba ta san komai ba."

"Ni ma ai ban san komai ba! Na tambaye ka. Da hannuna na rubuta na tambaye ka!"

"Na tura ki wurin Yaya."

"Ka tura ni? Ni ce zan je in titsiye yayarka in ce ta ba ni tarihin aurenka?"

"Kamila, ta yaya zan buɗe baki in ce miki ina da 'ya? A gidanmu ba a yi. Mahaifinmu har ya koma ga Allah bai taɓa nuna Yaya ya ce tasa ce ba. Irin wannan maganar manya ke kai ta. Na sha ɗaukar waya in gaya miki, sai in ji harshena ya yi nauyi."

Anti Hadijatu ta zagayo da ƙyalle za ta ɗaure masa ƙafa, ta tarar da mu a haka. Ta dube ni, ta dube shi, ta saki ƙyallen.

"Na shiga uku. Mu'awiya, ba ka gaya mata ba? Wallahi Kamila na ɗauka kin sani tun tuni. Duk jan ta a jiki da kike yi, ni ina ta godiya ga Allah, ina cewa marainiya ta samu uwa."

Kun ji fa. Shi yana jiran ta faɗa, ita tana zaton ya faɗa, ni kuma ina can ina dafa ƙirji.

"Na rantse da Allah a gaban mahaifiyata," na ce masa. "Na ce ba mata, ba ɗa. Ka mayar da ni maƙaryaciya. Kuma wannan duk mai sauƙi ne. Ka san me ya kai ta tantin nan? Fushi ta yi da kai. Hannu ta ɗaga maka ka wuce."

Ya runtse ido kamar na watsa masa barkono. Ban tsaya ba, na juya. A raina na gama haɗa akwati. Na san Hajiya ta samu abin da take nema, har da ƙari.

Sai na ji ta ce, "A kira min yaron nan."

Ya zo yana jan ƙafa, ya durƙusa nesa da kujerarta, kai a ƙasa. Na juya baya don kar in ga yadda za ta yi masa wankin babban bargo.

"Ɗan nan, ka yi laifi," in ji Hajiya. "Kunya ba ta hana gaskiya, da ka aiko manya tun farko. Ka sa 'yata ta yi rantsuwa a kan abin da ba ta sani ba, wannan tsakaninku ne." Ta numfasa. "Amma na ce in na ga mutum zan faɗa. Wanda ya riƙe kunyar gidansu har cikin bakin mutuwa, kuma bai bar 'yarsa ta tafi ba, ɗan mutunci ne. Ka turo magabatanka wurin yayansu. Ni na amince."

Na waiwayo baki buɗe. Abin da na yi wata guda ina roƙo, ina wanke mata ƙafa, ina dafa mata shayi da na'ana'a, shi ne ta miƙo min a daidai lokacin da ban san ko ina so ba.

Ta dube ni. "Saura ke, Auta. Tikitin yana nan, ban ce a fasa ba. Ki zaɓa."

Kwana a Hatta dai ya ƙare, tunda ko bargo ba mu da shi. Muka yi magariba a gefen hanya muka kamo hanyar gida. Anti Hadijatu ce take jan a-kori-kura a gabanmu saboda ƙafarsa. Ummi ta kafe ita sai motar Anti Kamila, aka bar ta. Tana kwance a cinyata cikin zanin Hajiya, kalabarta duk yashi, Muhsinat tana barci a gefe. Yaya da bakinsa ba ya mutuwa, tun da ya ce "Ku yafe min" sau ɗaya bai ƙara tofawa ba.

Wayata ta yi haske.

Shi: In kin ce kin fasa, ba zan ga laifinki ba.

Na kife wayar. Na ɗauka yarinyar ta yi barci, sai na ji ta ja bakin mayafina.

"Anti Kamila."

"Na'am, Ummina."

"Kawu ne ya ɗauko ni a ruwa ko?"

"Shi ne."

Ta hau wasa da zaren hannun abayata.

"To me ya sa ba ya sona?"

Sai na ji Yaya Badaru ya yi gyaran murya, idonsa a kan titi.

"Ni ma ina kamar ke na taɓa yin irin wannan tambayar," ya ce. "Ba wanda ya ba ni amsa."

Hajiya ta juyar da fuska wajen taga. Ta cikin gilashi na ga ta kai bakin mayafi ido, idon da likita ya ce kar ta riƙa taɓawa.

"Anti, ba ki ce komai ba," in ji Ummi.

Na ɗauki wayar. Sai da na goge sau biyu kafin na tura masa.

Ni: Akwai mai tambaya a cinyata. Ta ce me ya sa ba ka sonta. Ba ni zan amsa mata ba. In kana son jin tawa amsar, ka fara ba ta tata. Da sunanta, a gabana.

Ya karanta nan take. Na ga yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Sai sunansa ya yi shiru a saman wayar, na ce a raina shi ke nan, Kamila, Laraba sai Kano.

Can na ga fitilar a-kori-kura tana ƙyafta hannun dama. Ta rage gudu, ta gangara gefen titi ta tsaya. Yaya bai tambayi kowa ba, ya bi bayanta ya taka birki.

Ƙofa ta buɗe. Ya fito yana ɗingishi cikin hasken fitilarmu, laka ta bushe a jallabiyarsa, hannunsa na dama a dunƙule a kan wani abu ƙarami. Ya zo daidai tagata ya tsaya. Ummi ta tashi zaune, ta riƙe ni gam.

"Anti, Kawu ne. Faɗa zai yi min?"

Na sauke gilashi. Ya sunkuyo, ya buɗe tafin hannunsa, ga ɗan dutsen nan mai farin zare. A karo na farko tun da na san su, ya dubi yarinyar ido cikin ido, yana kiciniyar fito da sunanta daga bakinsa.